Rufe Kwano Ma Sunna Ce

Ya 'yan'uwa Musulmi, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka idan dare ya yi, tare da ambaton sunan Allah. In ba murfi, ko ɗan itace ne a gitta a kai.

Mu mazauna Agege, wannan umarni ya shafe mu sosai. A gida akwai rumbu da randa, iska kuma busasshiya. Nan fa gidan haya ne, kicin ɗaya ake rabawa, ga danshi, ga ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abincinmu.

To, Alhaji, ciyarwa ba ta ƙare a buhun shinkafar da ka sauke ba. Sai ka haɗa wa uwargida da bokiti mai murfi na tsaba da gari, da tukunya mai marufi, da faifan rufe ƙwarya. Wake kuwa a shanya shi ya bushe ƙayau, a ɗura a jarka mai tsabta, a toshe gam. Rashin iska zai kashe ƙwarin. 'Yan kasuwarmu, mu ji tsoron Allah, kada mu zuba maganin ƙwari a abin da mutane za su ci.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.