Dillali da Sunan Mai Aiki

A Kasuwar Monday ta Maiduguri, mai sayen hula yakan duba ɗinki, ya yi tayi, ya biya. Da wuya ya tambayi wanda ya ɗinka ta. Bayan da Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, mata da yawa da suka gudo Maiduguri sun riƙe iyalinsu da allura da zare, hula guda tana cin makonni. Hular takan kai Kano ko Abuja ana kiranta hular Bama. Sunan gari ya tafi, na mai ɗinki ya tsaya a gida. Shin dillalin da ya biya kuɗin aiki ya gama sauke nauyin da ke kansa?

Akwai misali daga Turai. Vincent van Gogh, ɗan wani fasto a ƙasar Holan, ya rasu a 1890, masu sayen zanensa ba su taka kara sun karya ba. Ƙanensa Theo, wanda ke ciyar da shi, ya bi shi bayan wata shida. Aka bar matar Theo, Johanna, da jariri da tarin zane. Ba ta zubar da su a arha ba, ko da yake wa zai zarge ta in ta yi? Ta riƙa ba da aronsu ana nunawa, tana sayar da kaɗan kaɗan. A 1905 ta shirya babban nuni a Amsterdam, a 1914 kuma ta buga wasiƙun Vincent zuwa ga Theo, domin mai kallon zane ya san mutumin da ya yi shi.

Wani zai ce ai riba ta nema, tun da darajar suna ita ke ɗaga farashi. Gaskiya ne ta samu, kuma babu laifi, domin dillanci sana'a ce. Sai dai ribarta ba ta zo ba sai ta hanyar ɗaukaka sunan mai aikin. Dillalin hula kuwa sau da yawa ribarsa tana cikin ɓoye sunan, gama ranar da mai saye ya san hannun da ya yi ɗinkin, zai iya nemansa kai tsaye. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Amma matar da aka sakaya sunanta ba ta da abin yin ciniki da shi, ko ɗinkinta ya fi na kowa kyau. Kuɗin da aka yanka wa maƙwabciyarta shi za a yanka mata.