Nasiha ga Jama'ar Andarai da Kewaye: A Sayi Kwamfuta don Aiki, Ba don Yayi Ba

 

Ya ku iyayena da 'yan'uwana mutanen Andarai da Maiyama da Jega da Aliero, magana nake tafe da ita a kan wani abu da shekaru ashirin baya ba ya cikin lissafin magidanci a ƙasarmu, yau kuwa ya samu gurbi kusa da kuɗin rajista da kuɗin ɗaki. Ina nufin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof.

Yaran nan ba su yi laifi ba da suke nemanta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara bin sahu da masu zana jarrabawa ta ƙashin kansu. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana ƙofar gidanmu, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, ga Jami'ar Tarayya a Kalgo, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Duk wanda ya shiga ɗayansu, komai daɗewa sai an ce ya buga aiki, ya rubuta furojet, ya tura ta intanet. Buƙatar gaskiya ce. Inda gizo ke saƙar shi ne wacce za a saya, kuma a kan nawa.

Bara da rani ɗan yayata ya same ni a zaure bayan la'asar, riƙe da waya, yana nuna mini hoton wata kwamfuta siririya mai ruwan azurfa. Ya ce, "Kawu, wannan ce ta bana. Ita abokaina ke magana. Ka taya ni roƙon Baba." Mahaifinsa kuwa ya riga ya ƙudurta sayar da albasar da ya yi niyyar ajiyewa har kaka, a daidai lokacin da kasuwa ta cika maƙil da albasa, farashi ya faɗi warwas. Na ce, "Ɗana, zauna. Wane aiki za ka yi da ita?" Ya lissafa: buga rubutu, karanta littattafan da malamai ke turowa, lissafi a Excel, kallon darasi a YouTube. Na ce, "To, a cikin waɗannan wanne ne ta shekaru biyar baya ba za ta iya ba?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma. Bai da amsa, domin tun farko ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

Ita ce tambayar da nake roƙon kowane gida ya yi kafin a kwance bakin buhu ko a kora ɗan maraƙi kasuwar Jega.

Ku duba halin da muke ciki. Kwamfuta ba a ƙera ta a Najeriya yadda ake noman shinkafa a fadamarmu, da dala ake shigo da ita. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Don haka tazarar da ke tsakanin samfurin bana da na shekarun baya, wadda a Amurka ko Ingila mai saye zai iya kau da kai a kanta, idan ta iso hannunmu ta zama kuɗin taki na damina guda, ko kuɗin makarantar ƙannen yaron. Manomin Aliero ya san cewa albasar da ya adana da kyau, in Allah Ya kiyaye ta daga ruɓewa, daraja take ƙarawa wata bayan wata. Kwamfuta kuwa tun ranar da aka yage kwalinta take fara zubar da daraja, kuma baɗi war haka kamfanin da ya yi ta zai fito da wata, ta bana ta koma tsohon yayi. Wanda ya karyar da abin da ke hawa don ya sayi abin da ke sauka, lalle ya kamata ya kasance yana da hujja mai ƙarfi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk tsohuwa ta dace ba. Akwai iyaka, kuma ya kamata kowa ya san ta. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa manhajar Windows 10, wato gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. A ɓangaren kamfanin Intel mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ƙwaƙwalwar da ta kama daga zubi na 8 zuwa sama, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshon na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. A wannan zubin ne kuma aka ninka injinan aiki da ke cikin ƙwaƙwalwar i5 ta irin waɗannan kwamfutoci daga biyu zuwa huɗu. Wannan canji ne na gaske da hannu ke ji. Bambancin zubi na 7 da na 8 ya fi bambancin samfurin bara da na bana nesa ba kusa ba, ga mai buga rubutu da karatu.

Gane zubin ba shi da wuya. Idan aka rubuta i5-8250U, lambar da ta biyo bayan ɗan layin nan, wato 8, ita ce zubin. Idan i5-1135G7 ce, zubi na 11 ke nan. Kada mai shago ya ruɗe ka da cewa "ai wannan i7 ce" alhali zubi na 4 ce ko na 5. Tsohuwar i7 tana iya zama bayan sabuwar i5 a gudu, kamar yadda tsohon ingarma ke bin bayan matashin doki. Kwamfutocin ofis na wajen 2018, irin su HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 7490 da Lenovo ThinkPad T480, yawancinsu zubi na 8 ne, an yi su da ƙwari domin ma'aikata, kuma kayan gyaransu suna samuwa a kasuwar Farm Centre ta Kano da wajen masu gyara a Sakkwato da Birnin Kebbi. Irin wannan muka saya wa ɗan yayata. Albasar mahaifinsa mafi yawa ta zauna a rumbu har farashi ya ɗaga.

To yaushe ne sabuwa ta cancanci ƙarin kuɗinta? Idan aikin ne da kansa ya nema. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine da zai wuni a kan AutoCAD, ko matashin da ke haɗa bidiyon biki da na wa'azi yana ci da kansa da iyayensa, ko mai rubuta manhaja da wani kamfani ke biya, waɗannan kwamfuta gonarsu ce, kuma ba a yi wa gona rowar taki. Haka nan wanda aikinsa ke kai shi ƙauyuka inda zai wuni bai ga wuta ba, domin babban abin da sababbin samfura suka fi na da shi ne jimirin batir. Tun da Apple ya fito da ƙwaƙwalwar M1 a 2020 aka shiga gasar kwamfutar da za ta wuni a kan caji ɗaya. Wanda wannan ne matsalarsa, kuma yana da hali ba tare da bashi ba, ya saya, Allah Ya sanya albarka. Sai dai ya tambaya ko ana iya ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, domin da yawa daga cikin siraran nan an liƙe musu shi a jikin allo, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita.

Sannan mu tuna a inda muke zaune. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yana haura digiri 40, kuma zafi shi ne babban abokin gabar batir. Da hunturu ƙura tana shiga ta kafofin iska ta toshe fanka, kwamfuta ta riƙa ɗaukar zafi tana nauyi. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙona caja, wani lokaci har da allon ciki. Zafi da ƙura ba su san ta bana ba, ba su san ta bara ba. Yaron da aka ƙarar da kuɗi kaf aka saya masa mai tsada, ya ɗora ta a kan katifa ta toshe numfashinta, ya kai ta shagon caji inda ake jona waya hamsin a layi ɗaya, ya fi kusa da asara a kan wanda aka saya wa matsakaiciya aka haɗa masa da jaka mai kyau, da caja ta asali, da ɗan faifan sola, da kuɗin data. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai kuma darasin da bai kamata a koya wa mutanen yankin nan ba, tunda Aliero ta yi suna a ɗori har daga nesa ake kawo masu karaya. Mun san abin da ya karye ana ɗora shi ya koma aiki. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa, ɗori kawai suke buƙata. A cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa mata SSD, a ƙara RAM ya kai 8GB ko 16GB, a buɗe a share ƙura, a canja batir. Wadda da sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta buɗe, sai ka ga ta tashi nan take. Kuɗin wannan duka bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba.

Amma ina gargaɗinku da ɗaya gefen ramin, domin araha ba ta ado. Wata 'yar maƙwabcinmu da ke karatu a Jega ta ga talla a waya, hoto fes, farashi kamar kyauta. Ta tura kuɗin adashen mahaifiyarta, aka sako kaya a mota. Da muka kunna, muddin aka zare caja sai ta mutu kamar an hura fitila, maɓallai uku ba sa aiki, lambar mai sayarwa kuma ta daina shiga. Na ga uwar nan zaune bakin murhu ta yi tagumi, ba ta ce wa kowa uffan ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Duk mai sayen ta hannu ya je da ƙafarsa, ya tafi da wanda ya sani. A zare caja a ga awa nawa za ta yi. Windows tana da umarnin powercfg /batteryreport da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa, a sa mai shago ya buɗe a gabanka. A danna kowane maɓalli, a gwada kyamara da lasifika da kafofin jona kaya, a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ta wani ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta, da sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. Wanda ya ƙi ba da rasit, a bar masa kayansa, don kada a sayi kayan sata a jawo wa gida abin kunya.

Ya ku iyaye, kada kunyar cewa ba ku san kwamfuta ba ta sa ku miƙa kuɗi ido rufe. Kun san cinikin sa, kun san duba haƙori da kofato. Wannan ma haka ne, tambaya ce da haƙuri. Kuma 'ya'ya mata suna da haƙƙi a wannan lissafi. Kuɗin da za a zuba a sabuwa ɗaya don ɗa namiji ya yi fice a cikin abokai, sau da yawa zai sayi biyu masu aiki, shi da ƙanwarsa.

Ya ku ɗalibai, ku ji tausayin gumin da ke cikin kuɗin nan. Wanda ya yi ban ruwa da asuba cikin sanyin Janairu shi ne ke biya. Malamin da zai duba furojet ɗinka ba zai tambayi shekarar da aka ƙera kwamfutarka ba, abin da ka rubuta zai karanta. Ka koyi buga rubutu da yatsu goma, ka ƙware a Word da Excel, ka riƙa ajiye kwafin aikinka a wuri biyu. Ƙasar Gwandu ce wannan, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar tarin littattafai da alƙalamin kara da tawada, har yau ana karanta su.

Ya ku 'yan kasuwa da masu gyara, ku ji tsoron Allah. Ɓoye aibin kaya haramun ne, ko na hatsi ne ko na na'ura. Ku faɗi zubin gaskiya, ku faɗi halin batir, kada ku kira wadda aka yi wa kwaskwarima sabuwa. Ribar da aka ci da jahilcin uban ɗalibi ba ta yin albarka.

Ya ku malaman makarantu, ku taimaka da takarda ɗaya tak a farkon zango, mai bayyana mafi ƙarancin kwamfutar da kowane fanni ke buƙata, domin uba ya shiga kasuwa da ita a aljihu. Masu hali da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu kuma, idan za ku yi alheri, goma masu aiki a hannun yara goma, ko ɗakin kwamfuta mai sola a makarantar gari, sun fi biyu masu ƙyalli amfani.

Addininmu ya hana almubazzaranci, ya hana ƙwauro, ya yabi mai tsayawa a tsakani. Kafin a sayar da buhu ɗaya, a zaunar da yaro a tambaye shi aikin da zai yi, a nemi shawarar wanda ya sani, a sayi abin da zai ɗauki aikin, ragowar kuɗin a bar wa gona da cefane da karatun ƙannensa. Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga bashi da nadama. Amin.