Mu Fara da Tambaya



A bakin hanyar Yariko, Yesu bai warkar da makaho Bartimawas ba sai da ya tambaye shi abin da yake so (Markus 10:46-52). Mu kuwa mukan kai wa majinyata kunu da sabulu, mu yi addu'a, mu tafi ba tare da tambaya ba.

A Asibitin Ƙashi na Dala akwai masu karaya waɗanda sukan yi watanni suna kallon rufi ɗaya. A gidajenmu ma akwai tsofaffin da suka daɗe ba su taka ƙofar gida ba. Wani yana marmarin hayaniyar Kasuwar Kurmi. Wata tana so ta halarci Misa tare da ƙawayenta na zumunta. Wani kuwa burinsa ya sake ganin Dutsen Dala, ko da daga gindinsa ne.

Kafin 11 ga Fabrairu, Ranar Marasa Lafiya ta Duniya wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992, kowane iyali ya zaɓi mutum ɗaya, Kirista ko Musulmi. Mu tambaye shi. Mu nemi izinin likita da na dangi, mu samo keken guragu da mota, mu kai shi.

Kada mu yi jinkiri, gama waɗansunsu ba za su ga wata damina ba. Allah ya ba mu kunnen ji. Amin.