Akwatin Yaro Ba Tarkace Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan mako ga iyayen da aiki ke yawo da su ce, kamar soja da ɗan sanda da ma'aikacin gwamnati, bana Zariya, baɗi Makurɗi. Ranar tashi uba na cinikin motar kaya, uwa na ɗaure kwanuka, sai a dubi akwatin yaro a ce tarkace ne, a zubar. Alhali kuwa allonsa na ciki, da hoton 'yan ajinsu, da hular da kakansa ya ba shi. Saurayi ko budurwar da aka sha rabawa da makaranta da abokai, waɗannan 'yan komatsai su ne garinsu.

Kewar wurin da aka saba ba raunin imani ba ce. Bayan hijira a shekarar 622, zazzaɓin Madina ya kama Sayyidina Abubakar da Bilalu, har Bilalu ya riƙa begen Makka. Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Haka nan a Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya lissafa gida wurin natsuwa, da tantin fata mai sauƙin ɗauka ranar tafiya, da kayan ɗaki, duk cikin ni'imominSa.

Abu Dawuda ya ruwaito umurnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Don haka in an sauka sabon gida, ko da ciki da falo ne a bariki, a ware wa yaro kusurwarsa, da ƙusar rataye riga, da wurin aje akwati. A shawarce shi kafin a kyautar da kayansa. Wanda bai sami wuri a gidan ubansa ba, tasha za ta ba shi.

Ku kuma samari da 'yan mata, kaya na tsufa, ɗaki na sakewa, amma alƙibla ɗaya ce ko'ina. Dardumar salla ita za ku fara kwancewa, sannan ku tambayi hanyar masallaci da Islamiyya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin.