Yabon Kai a Takardar Neman Tallafin Karatu

Mai neman tallafin karatu ba makawa sai ya rubuta takardar da zai bayyana kansa: abin da ya karanta, abin da ya iya, da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wani. Wannan abu ne mai nauyi ga Bahaushe musulmi, wanda aka rena da kunya, ya tashi yana jin ana cewa yabon kai jahilci ne. Ga kuma aya ta 32 a Suratun Najmi, wadda ta hana mutum tsarkake kansa.

Ɗaliban Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Sudan sun san wannan matsala. Jami'ar Afirka da ke Khartum, wadda ta samo asali daga Cibiyar Musulunci ta Afirka ta kuma zama jami'a a 1992, ta ɗauki da yawansu a kan tallafi. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kasuwar Suk al-Arabi a Khartum ta kasance mahaɗa ga ɗalibai: ga Babban Masallaci, ga masu sayar da littattafai, ga shagunan buga takardu da fassara su.

Malaman tafsiri sun samo amsa a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. A aya ta 55 ta surarsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci riƙon amanarsa da saninsa. Daga nan Ibn Kasir ya fitar da cewa ya halatta mutum ya faɗi alherinsa idan ba a san shi ba kuma buƙata ta kama. Abin lura, siffofi biyu kawai Annabi Yusuf ya ambata, dukansu aikin ne ke neman su, ga shekarun fari bakwai suna tafe. Kwamitin da bai taɓa ganin ɗalibi ba yana da haƙƙin a sanar da shi gaskiya, ɗalibin da ya noƙe don kunya kuwa ya tauye kansa.

Inda haɗarin yake shi ne ƙari: maraicin ƙarya, talaucin aro, aikin sa kai da ba a yi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. Laifin ya ninka a nan, domin guraben ƙidayayyu ne. Duk wanda ya shiga da ƙarya, wani mabuƙaci ya ture.

Neman taimako wajen rubutu kuwa ba a yi masa kuɗin goro. Babu laifi malami ko mai shago ya gyara nahawu, ya fassara takardar zuwa Larabci ko Turanci. Amma idan shi ya ƙago labarin, ɗalibi ya sa hannu kawai, to an yaudari kwamiti, kuma alhakin yana wuyansu su biyu.