Tsutsar da ke Jikin Karfasa: Hakkin Wa?

Kogin Rahad, wanda garin Hawata yake bakinsa a jihar Gadarif ta Sudan, ba ya gudu duk shekara. Da damina yake saukowa daga duwatsun Habasha, da rani kuma ya yanke ya bar guraba. Cikinsu kifi yake cunkushewa, rana tana dafa ruwan. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe da kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7.5 ba. Sai kifi ya galabaita, cuta ta sami ƙofa.

Akwai wata tsutsa rawaya, Clinostomum, da ake tsinta a naman karfasa. Daga bakin zalɓe ƙwanta yake faɗawa ruwa, ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya fito ya huda kifi. Ɗumi yana hanzarta wannan zagaye, sai dai in ya wuce kima ya kashe dodon koɗin kansa.

To, masunci Bahaushe ya jawo koma, ya tsaga karfasa ya ga tsutsa. Ba shi ya ɗumama duniya ba. Hayaƙin kwalekwalensa nawa ne? Masu manyan masana'antu suna can nesa, ba wanda zai kai su gaban alƙalin Hawata. Shi ya sa wasu ke cewa ya yi banda kawai ya kai kasuwa, tunda wuta tana kashe tsutsar, hayaƙi kuma ya rufe tabonta. Da gaskiyarsu ta wani gefen: dafaffen kifin ba ya cutarwa, ɗanye ne yake sa tsutsar ta maƙale a maƙogwaron mutum.

Ni dai ban gamsu ba. Malaman Malikiyya, da mu da mutanen Sudan muke bi, sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ba su tambayi wa ya jawo aibin ba. Matar da ta zo sayen kifin miya ita ma ba ta ƙona gawayin Turai ba. In ya ɓoye mata, asarar da aka ɗora masa ce ya sauke a kan wadda ta fi shi rauni.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in ya faɗi gaskiya farashi zai faɗi, kuma a tukunyar gidansa kaɗai za a ga giɓin.