Mai Tafiya Shi Kaɗai, Bashin Wa Ya Ɗauka?

Mu da ke zaune a Tudun Wada, bakin hanyar da ta fito daga Kano ta ratsa dajin Falgore ta nufi Doguwa, mun san mutum ba ya son shiga dajin nan shi kaɗai in rana ta faɗi. To, in daji mai ruwa da inuwa ya zama haka, ina ga Hamada? Duk da haka akwai waɗanda kan ɗaura kaya bayan babur, su fuskanci rairayi, ba aboki sai ƙarar inji. Abin da mu ke so mu auna yau shi ne, mai yin wannan jarumi ne, ko kuwa mai ganganci?

Kakanninmu ba su san irin wannan tashi ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sai sun haɗa ayari, da madugu, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki, kana su bar gida. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, a gidan irin waɗannan fatake ya tashi. Buzayen da ke ɗauko gishiri daga Bilma su ma ayari su ke yi. Ba tsoro ya sa su haka ba, sanin hanya ne. Sun ce a nemi abokin tafiya tun ba a nemi hanya ba.

Amma kada mu ce yawa shi ke tsirar da mutum. Mu tuna abin da aka ji cikin Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, galibinsu mata da yara, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Suna da yawa, amma ba wanda ya san inda su ke, balle ya bi sawunsu da ruwa. Ashe abin da ke raba mai rai da matacce a Hamada shi ne ko akwai wani a bayansa mai ƙidaya kwanakinsa.

Mu kuma tuna wasu Turawa mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Sun tashi daga Landan ran 11 ga Disamba, 1934, bisa babur mai akwati a gefe, suka ƙetare Hamada ta Tamanrasset. Kusa da Agadas injin ya lalace, suka zauna garin har aka gyara, suka biyo ta Kano, suka isa Cape Town ran 29 ga Yuli, 1935. Duniya ta yaba musu, yabon kuwa ya dace. Amma wa ya riƙe sunan waɗanda suka ba su ruwa da masauki a Agadas?

Haka kuma Kunle Adeyanju, ɗan ƙasarmu, ya bar Landan shi kaɗai bisa babur ran 19 ga Afrilu, 2022, ya bi ta Maroko da Muritaniya, ya shiga Ikko ran 29 ga Mayu. Ya yi tafiyar ne don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, wadda mu mutanen ƙasar Kano mun ga ɓarnarta a ƙafafun 'ya'yanmu. An ce shi kaɗai ne. Amma man da ya sha wani ya kawo shi wurin, hanyar da ya bi wasu suka shimfiɗa ta.

Saboda haka a ganinmu ba mai tafiya shi kaɗai. Ran da mutum ya buga babur ya fita, ya ci bashi biyu. Na fari na waɗanda ya bari gida ne, uwa da mata da 'ya'ya, waɗanda barcinsu zai ragu har ya komo. Na biyu na waɗanda bai taɓa gani ba ne, waɗanda in ya faɗi za su bar aikinsu su ɗauke shi, watakila su sa ransu cikin haɗari dominsa. Wanda ya san wannan bashi, ya yi guzuri, ya faɗi hanyarsa da ranar isarsa, ya biya masu binsa, ya nemi gafarar iyaye, yana kuma da dalilin da zai iya faɗa ba kunya, wannan jarumi ne. Wanda ya fita don a ce da shi namiji, ya ce Allah na nan, bai ko auna ruwansa ba, wannan ganganci ya yi. Malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna, sa'an nan a yi tawakkali.

Mu kuma na bakin hanya muna da namu rabo. In baƙo ya tsaya da ƙura a fuska, kada mu fara da tambayar abin da ya fito da shi. A ba shi ruwa tukuna, a gaya masa gaskiyar hanyar da ke gabansa. Ɗanmu ma wata rana baƙon wani ne.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalinsu, amin.